Tabon Garwashi a Dardumar Inna Gwamma

A unguwar da Munawwara ta sauka a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, babu matar da ta haɗa komai, amma kowace na da wani abu. Wannan na da babbar tukunya, waccan na da farantai, wata kuma butocin shayi. Dardumar fita kunya kuwa ɗaya ce tilo, ta Inna Gwamma: ja ce, mai taushi, da furanni shuɗaye a gefe. Inna Gwamma mutuniyar Maraɗi ce, ta daɗe a garin har ta iya faɗa da Larabci. Duk wadda ta ara wa dardumar nan ta zama 'yar gida. Wadda ta hana kuwa, ko ludayi ta je nema sai a ce mata yanzun nan aka ɗauka.

Munawwara amarya ce, ba ta daɗe da zuwa daga Damagaram ba. Mijinta Uwaisu magini ne, tun da sassafe yake tafiya shantiye, wurin aikin gini, sai magariba. Ita kuma ta wuni tana kallon bango, tana jin dariyar mata daga wasu gidaje. Shi ya sa ranar da Uwaisu ya gayyaci malam da abokan aikinsa a yi addu'ar sabon ɗaki, Inna Gwamma kuma ta yarda da aron dardumar, Munawwara ko abinci ta kasa ci don murna.

An yi addu'a lafiya, an sha shayi, ko ɗigo bai zuba ba. Maza dai ba su yi ɓarna ba, a faɗi gaskiya. Washegari ne abin ya faru.

A gidansu Munawwara ba a mayar da kayan aro hakanan. In kwano ne a sa wani abu a ciki, in shimfiɗa ce a turara ta. Sai ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wutan da mahaifiyarta ta ƙulla mata, ta ɗauka tana zagaya dardumar a hankali. Gawayin ya yi tas! Ɗan garwashi ya yi tsalle ya dira a tsakiyar jan. Kafin ta ajiye kaskon ta ɗauke shi, ya bar baƙin tabo kamar ƙwallon dabino.

Ta hura tabon. Ta goge shi da bakin zane. Ta rufe ido ta buɗe, yana nan. Ga shi Inna Gwamma ta ce za ta zo bayan la'asar ta ɗauki abarta, don gobe akwai suna a gidan wata Ramatu.

Ana haka sai ga sallamar Ruƙayya, maƙwabciyarta ta jikin bango, ta zo aron ashana.

"Kai, amarya, wannan ƙamshi har ƙofar gida! Mutanen Damagaram ba ku da dama… Lafiya kika tsaya kamar an dasa ki?"

Munawwara ta ɗaga ƙafarta daga kan tabon.

Ruƙayya ta leƙa, ta yi salati, amma gajere ne salatin, har Munawwara ta ɗan yi mamaki.

"Yaya Ruƙayya, na shiga uku. Komawa gida zan yi."

"Da ƙafa? Ke dai kawo reza sabuwa, da kofin shayi, ƙaramin nan. Mijinki na da gam? Magini ai ba ya rasawa. Ki haɗo da ƙyalle mai ƙarfi."

Munawwara ta kawo. Ruƙayya ta kifa kofin a kan tabon, ta danna, ta ce a bi bakinsa da reza. "A hankali, kada ki aske gashin, ƙasan za ki yanka." Munawwara ta yanka tana addu'a a zuci. Tabon ya fita ɗungurungum, ya bar rami zagayayye, ana hango siminti ta ciki.

"To yanzu ai ya fi ɗazu muni," in ji Munawwara.

"Ki bari mana. Juyo mini wancan gefen."

Can ƙarshen dardumar akwai ninki, an lanƙwasa bakinta zuwa ƙasa an ɗinke da zare mai kauri, don ta fi ɗakin Inna Gwamma tsawo. Ruƙayya ta ce daga nan za a yanko abin toshewa, ba mai gani. Ta tsinke zaren kaɗan, ta buɗe ninkin.

Munawwara ta zuba ido. Ninkin duk ramuka ne, zagayayyu, a jere, kowanne daidai bakin kofin shayi.

"Yaya Ruƙayya, waɗannan fa?"

Ruƙayya ta ɗaga kai tana duban rufin ɗaki. "Rufin nan naku mai kyau ne. Mijinki ya yi?"

"Yaya Ruƙayya!"

"Ke, yi aikinki. Inna ba ta taɓa sani ba, kuma ba a bakinki za ta fara ji ba."

Munawwara ta sami wuri tsakanin ramukan ta yanko nata. Suka manna ƙyalle ta ƙasan ramin, suka shafa gam, ta dasa yankin ta danna da tafin hannu, ta taje gefen da ƙaramin mataji. Daga inda take durƙushe, wallahi ko ita ba ta gane wurin. Ruƙayya ta mayar da ɗinkin ninki, ta ɗauki ashanarta, ta ce tuwonta na kan wuta, ta fice da sauri.

Munawwara ta tafi bakin ƙofa don ta ƙare wa aikinta kallo. Daga ƙofa, wurin ya yi duhu, ga shi nan zagayayye yana kallonta kamar idon saniya. Ta ruga ƙuryar ɗaki ta duba, daga can kuma ya fi sauran haske. Ta koma ƙofa, duhu. Tana cikin wannan kai da kawo ne ta ji takun takalmin Inna Gwamma, tun la'asar ba ta yi ba.

"Salamu alaikum, masu gida! Na ce bari in biyo tun da wuri, ƙafar nan tawa ba ta son jira."

Munawwara ta amsa, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta yi tunanin ta jawo matashi ta ɗora a wurin, amma Inna Gwamma ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ake ganin idon saniyar. Ta cire takalmi, ta tako har tsakiya, ta shafa wurin da babban yatsan ƙafa.

"Ɗiyata, mi ya samu nan?"

"Ni ce, Inna." Munawwara ta sunkuyar da kai. "Turare na so in yi mata kafin in mayar, garwashi ya faɗa. Na yanko daga ninki na toshe. Ki yi haƙuri."

"Daga ninki." Inna Gwamma ta ɗaga murya wajen bango. "Ruƙayya! Na san kina nan kunnenki manne da bango. Zagayo!"

Ruƙayya ta shigo tana murmushin da bai kai ciki ba. Inna Gwamma ta fara yawo a kan dardumar, tana dangwala yatsan ƙafa nan da can.

"Wannan naki ne, ranar sunan Harisu. Wannan na Ramatu, dutsen guga. Wancan na Mariyamu ne, ita har biyu ta yi, Allah ya shirye ta. Kuna tsammani ban sani ba? Ni da nake taka ta ba takalmi safe da yamma? Da na saye ta a kasuwar Assihar, da gangan na ce a ƙara mini tsawo. Na san hannun da za ta shiga."

Ruƙayya ta rufe baki da gyale. Munawwara ta ɗago kai kaɗan.

"Abin da ya ɓata mini rai," Inna Gwamma ta ci gaba, "kin koya wa yarinya rabin aiki. Amarya, kawo hannunki. Shafa nan. Kin ji gashin ya kwanta? To shafa naki."

Munawwara ta shafa. Gashin dardumar duk ƙofa ya nufa, nata kuwa ya juya wa ƙofa baya, ya nufi ƙurya.

"Kin gani? Kowa ya fuskanci gabas, naki shi kaɗai ya kalli yamma. Gam ɗin bai bushe ba, ɗaga ki juya shi."

Munawwara ta sa bakin reza ta ɗago yankin, ta shafa shi ta ji inda gashin ya kwanta, ta ƙara gam, ta mayar. Ta je ƙofa ta duba, babu komai. Ta je ƙurya, babu komai. Ta sake komawa ƙofa.

"Ya isa, kada ki ƙarar mini da sauran da zirga-zirga," in ji Inna Gwamma. "A ɗora tukunya a kai ya kama, Ruƙayya ta kai wa Ramatu da yamma, ladan karatun da ta koyar." Ta sa takalminta, sannan ta tsaya tana shaƙar iska. "Wannan turaren, wa ya haɗa shi?"

"Innarmu ce."

"To ara mini kaskon nan da ɗan turaren, ina da baƙi. Gobe ki zo gidan Ramatu da wuri ki karɓi abinki, ki turara wa mai jego ɗaki. Amma a tsakar gida za ki hura wutar, kin ji ko?"

Munawwara ta juye tokar, ta goge kaskon, ta miƙa da hannu biyu. Tun zuwanta garin, yau ne aka fara aron abin da ya wuce ashana a ɗakinta. Sai da Inna Gwamma ta fita ta tuna ba ta tambayi inda gidan Ramatu yake ba.

"Zan biyo miki," in ji Ruƙayya. "Ki taho da rezar, ba a san abin da gobe za ta yi ba."