Zakiyya Ta Zaɓi Zariya

Jami'o'i biyu suka ba Zakiyya gurbin karanta harkar kuɗi, ɗaya a gida Birnin Kebbi, ɗaya a Zariya. Da ta rasa wadda za ta ɗauka, sai ta tafi Argungu wajen Kawu Sunusi, tsohon ma'aikacin banki. Ya gyara zama, ya yi ta zuba Turanci, wai ta tsaya kusa don ya riƙa koya mata.

Inno, mahaifiyarsa, tana gefe tana gyaran albasa. Ta ce, "Ke, tahi Zariya. Shekara talatin yana banki, har yau ni ka ba shi kuɗin kabu-kabu."

Zakiyya ta danne dariya, ta zaɓi Zariya. Kawu kuwa ya bi dangi yana cewa shawararsa ce.