Haƙora Huɗu na Gaba

Likitar haƙori ta ɗora ɗan ƙarfenta a kan haƙorin gaba, ta tura kaɗan. Haƙorin ya bi ta kamar turken da ruwa ya ci gindinsa. Stanimir ya runtse ido.

Ta tambaye shi tun yaushe dasashinsa ke jini. Ya ce shekara uku ke nan, tun da aka ce yana da ciwon sukari. Da ya ga buroshi na fitowa jajir, sai ya yar da shi, ya koma kurkure baki da barasar gida kowace safiya, yadda ubansa ya riƙa yi. Raɗaɗin da take yi masa, shi bawan Allah ya ɗauka magani ne ke aiki.

"Kawu Stanimir, ƙashin da ke riƙe da haƙoranka ya zaizaye, sukarin ya hana wurin warkewa. Huɗun nan na gaba sai an cire."

Ya ce shi fa mai busa ƙaho ne, shekara arba'in a bukukuwan garinsu Vranje, kuma a kan haƙoran nan ƙaho ke zama. Ta ce na roba za su tauna burodi, busa kam ba ta yi alkawari ba. Ya roƙe ta ta bari sai Litinin. Ranar Asabar za a fito da 'yarsa Borka, kuma a unguwarsu ba a taɓa fito da amarya babu busarsa ba.

"To. Amma in ka matsa musu, a hannunka za ka tofo su."

Ranar Asabar ya tsaya a ƙofar gidansa cikin mabusa shida. Ya kafa ƙaho ya gwada sau ɗaya. Zafi ya harba masa har tsakar ka, jini ya cika baki. Sai ya kumbura kumatu, yatsu na ta kai-komo, iska ko kaɗan ba ta fita. Haka ya taka daga gida har coci, yana jiran wani ya waiwayo ya tambayi ina muryar ƙahonsa ta shiga. Har ga Allah ya fi son a kama shi.

Ba wanda ya waiwayo. Mata suka yi rawarsu har suka jiƙe da gumi.

A bakin coci Borka ta rungume shi tana hawaye.

"Baba, tunda nake ban taɓa jin ka yi busa mai daɗin ta yau ba."

Ya gyaɗa mata kai, ya haɗiye jinin.