Ƙarin da Ya Tafi da Muryata

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Tun da aka cire min ƙari a maƙogwaro likita ya hana ni magana, ko da raɗa. Ya ce ba daji ba ne, amma bai yi alkawarin muryar za ta dawo ba. Matata Tasalla kuwa makauniya ce, da murya take sanin ina gida.

Na tsinci kaina a wani asibiti inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa, kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Awaki ne ma'aikatan. Kowace cuta da layinta. Masu zazzaɓi sun kai bakin titi, suna hira suna ɓara goro. Layina kuwa ni kaɗai ne, ni ne na gaba ni ne na baya, duk da haka aka ce in jira. Ban taɓa ƙyashin mai zazzaɓi ba sai ranar.

Wani bunsuru mai tabarau ya leƙa bakina.

"Malam, irin naka ba kasafai muke gani ba. Mun sallame shi, yana tasha."

Sai ga ni a tasha. Ƙarin na zaune a gaban mota, bai fi gyaɗa ba, ya sa hulata. Ya gaishe ni cikin ladabi, da muryata sak.

"Ni ba mugu ba ne, tambayi likita. Ɗan aro na yi."

Na buɗe baki in ce ya ba ni abina, iska kawai ta fito.

Sai ga mu a ƙofar gidana. Ya yi sallama, Tasalla ta amsa da fara'arta.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka daɗe."

Ta shimfiɗa masa tabarmata, ta ajiye masa tuwona, ta shiga ba shi labarin rikicin maƙwabta. Yana ta cewa "ikon Allah" daidai inda na saba cewa. Na tsaya a gabanta ina ɗaga hannu. Ta miƙo buta ta rataya a hannun, ta ɗauka ƙusar bango ce. Kaɗaici ya kama ni a tsakar gidana, na yi kuka, hawayen suka bi ruwa suka yi sama.

Ƙwas-ƙwas ɗin sandarta a kan siminti ne ya tashe ni. Ta zo daidai kaina ta tsaya. Na shiga laluben kwano in buga mata, don ta san ina nan.

"Bar kwanon, Malam," in ji ta. "Tun daga madafa nake jin munsharinka. Shi dai likita bai cire shi ba."