Gyaɗa Arba'in da Ɗaya

Maharazu ya juye aljihunsa a kan teburin Malam Abdu, ƙwayoyin gyaɗa suka watsu har kan takardu.

"Ƙirga! Ɗari biyu da shida. Duk wanda ya tsaya bayan Bawa Tela, sai in ɗauki ƙwara daga hagu in jefa dama. Ban yi boko ba, amma gyaɗa ba ta ƙarya."

Jiya aka yi zaɓen wakilin majalisa a kasuwar Jibiya, irin na bin layi. Malam Abdu, malamin zaɓe, da bakinsa ya shelanta: Bawa ɗari biyu da shida, abokin karawarsa ɗari da casa'in. Yau da hantsi kuwa, takardar da aka liƙa a ofishin bakin iyaka, wadda za a kai Katsina, ta ce Bawa ɗari da sittin da biyar. Mutanen Bawa sun cika ƙofa da sanduna, suna jiran wakilinsu Maharazu ya fito su tare motar Di'o, Baturen mulki.

"Taubashi, zauna mana," in ji Malam Abdu.

"Ba ni zama. Arba'in da ɗaya, ina ka kai su? Ko da fura ka dama?"

Malam Abdu ya tura ƙyaure, ya ɗauko wani ƙunshi ɗaure da kaba.

"Kowa ya shiga layi, takardar harajinshi ya aje nan. Da safe na bi su ɗai-ɗai. Waɗanga rubutun Faransa ne. Lanho ne, harajinsu na can ƙetaren iyaka, a Ɗan Isa aka biya."

Maharazu ya zauna ba tare da an sake ce masa ba. Shi da kansa ya tsallaka ya gayyato dangin matarsa Barira, mutanen da ke noma a Magama su kwana a Ɗan Isa, waɗanda ke ɗaure jaki a jikin turken iyaka. Cewa ya yi kowa ya zo da takardar haraji. Sun zo da ita kuwa, a naɗe cikin hula.

"Ai gonakinsu nan suke."

"Gona ta Ingila, kai na Faransa. In Di'o ya tambayi mi ya raba lissafin jiya da na yau, tilas in kwance kabar nan. Wata shida gidan yari ga wanda ya shiga layi, shekara ga wanda ya kawo shi. Ka san ta sama ko ta wa ce? Baba Ɗanmaraya, surukinka. Tsohon da sai da aka riƙe shi ya tsaya."

Daga waje Bawa ya ɗaga murya: "Maharazu! Nawa gyaɗa ta ce?"

Maharazu ya daɗe yana duban ƙunshin. Sannan ya sa ɗan yatsa ya ware arba'in da ɗaya gefe, ya watsa rabi a baki, ya tura wa Malam Abdu sauran.

"Taya ni, ɓarawo. Tare za mu ci."

Ya kwashe ragowar cikin aljihu, ya goge baki, ya buɗe ƙyaure.

"Ku aje sandunan nan," in ji shi. "Ku zo ku ƙirga da kanku."