Ƙafa ta Huɗu

"Kwance robar nan, Maazou. Kwance ta tun ban taso ba."

Baba Illiyasu dai ba tasowa zai yi ba, kowa a Zongon Parakou ya sani. Wata biyu ke nan yana kwance a ɗakin zaure, ciwon ƙirji ya cinye shi, idanun ma sun daɗe da dushewa. Amma hanci da kunne lafiya lau. Daga shimfiɗarsa ya jiyo warin.

Maazou maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya, mutumin Maraɗi, makanikin manyan motoci a Gare, wato tasha. Ya tsuguna gefen Akawal, dokin tsohon, yana warware robar taya da ya naɗe masa ƙafar baya da ita jiya. Ƙusa ce ta soki dokin sama da kofato kaɗan. Wurin ya yi ta tsiyaya, Maazou kuwa ya yi abin da ya iya. Yau ga ƙafa ta kumbura suntum, da zafi, dokin ya ɗage ta ya ƙi taɓa ƙasa.

"Yoyo take yi, Baba, shi ya sa."

"Kai duk abin da ke yoyo sai ka toshe. Doki kamiyo ne, irin motocin da kake gyarawa? Jijiyar nan cikin kube take, kamar wuƙa. Mugunya ta shiga kuben, kai kuma ka rufe mata ƙofa."

Kunya ta kama Maazou har ya rasa inda zai sa kansa. Shekara hamsin tsohon nan yana yi wa dawakin mutane magani, ga nasa zai lalace a hannun mai sifana. Akawal kuwa ba dokin banza ba ne. Daga zuriyar goɗiyar da kakan Baba ya yi fataucin goro da ita ya fito, a Djougou aka haife shi. Burin tsohon ɗaya ya rage, ya kuma sha faɗa: dokin ya koma Djougou gidan 'yarsa Lubabatu, da ƙafarsa.

Likitan dabbobi ya zo a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa. Lokacin juyin juya hali ne, kowa kamarad, har mai jan doki.

"Kamarad, wannan ciwo ba ya barin doki," in ji shi. Ya bar penisilin da babban sirinji. "Kwana goma. In bai taka ba, harbi ya fi masa sauƙi."

Yana fita Baba ya ce, "Wasa aska."

Daga kwance ya yi aikin, da bakinsa. Aka murɗe wa dokin leɓe da igiya, maza biyu suka riƙe. Tsaga ɗaya sama, ɗaya ƙasa, gefen jijiya, kada aska ta taɓa ta. Maazou ya tsaga. Abin da ya fito, Allah ya kiyaye. Ya dafa siririn tiyo sabo, ya zura ta sama, ya yi ta ɗura tafasasshen ruwan gishiri da ya huce har na ƙasa ya fito fari.

"Safe da la'asar," in ji Baba. "Ƙofar ƙasa kuma kada ka bari ta rufe, ko ta roƙe ka."

Maazou ya bar wa abokin aikinsa rumfar kanikancinsu. Kullum in ya gama wankin safe sai ya ja dokin a hankali ta gaban tagar zaure, inda ƙasa take da tauri. Tsohon ya kasa kunne, yana ƙirga ƙafafun da ke taka ƙasa.

"Uku."

Kashegari ma uku. Kumburin na saɓewa, warin ya ragu, amma uku.

Ranar ta bakwai Lubabatu ta iso daga Djougou a bayan motar doya. Ta tarar uban ko kunu ya daina haɗiya. Ta fito tsakar gida ta tsaya kan Maazou.

"Malam Maazou, ba zai kai jibi ba. Abu ɗaya yake jira."

Maazou ya dubi ƙafar, ya dubi matar. Da safe ya ɗauko ƙaramin ƙoƙo. Lubabatu ta ja dokin, shi yana biye a duƙe, duk taku uku sai ya kifa ƙoƙon a ƙasa, ya yi ƙarar na huɗu. Ƙato da gemu, yana rarrafe bayan doki.

Suka wuce ta gaban tagar. Can sai wata 'yar dariya daga ɗakin, tari ya biyo ta.

"Maazou."

"Na'am, Baba."

"Ƙoƙo ne. Kuma ka cika sauri." Ya numfasa. "Na gode. Amma ni ba na bukatar magani. Je ka wanke masa."

Bayan azahar ya cika. Aka kai shi kafin la'asar.

Da aka dawo, mutane suka zazzauna a ƙofar gida karɓar gaisuwa. Maazou ya yi addu'a tare da su, ya shafa, ya miƙe ya shiga ya hura wuta. Wani dattijo ya ce a yau dai ai doki ya jira. Maazou ya ɗora tukunyar ruwan wankin. Yana kuka yana fifita wutar, bai kuma ɓoye ba. Lubabatu ce da kanta ta kawo masa gishirin.

Ranar ta goma likita ya dawo, da wani mai bindiga a bayan mobilet. Maazou bai gaishe su da kyau ba. Ya gama wankinsa tukuna, ya shafe tsagar, ya kwance dokin daga turke.

Ƙasar wurin ta jiƙe da ruwan gishirin kwana goma. Akawal ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya girgiza kai. Ya sauke ƙafar kamar mai gwada zurfin rafi. Ya ɗaga. Ya sake saukewa, wannan karon ya dogara a kanta.

Likita ya tsuguna yana duban sawun a cikin laka, ya ce da mai bindiga ya koma waje.

Maazou bai tsaya jin sauran ba. Ya ja dokin ya nufi inda ƙasa take da tauri. Lubabatu tana cikin zaure tana naɗe tabarmar uban, ta dakata da ita a hannu. Tagar a buɗe take. Ya wuce da shi ta gabanta a hankali, ya juyo, ya sake wucewa.