Hannun Baba Barci

Ɗalibai ne suka raɗa masa Baba Barci, shi kuwa bai taɓa musawa ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana koya wa masu karatun likitan dabbobi a jami'a yadda ake sa dabba barci a yi mata aiki, sannan a tashe ta. Tashin shi ne sana'ar, in ji shi; kwantarwa ko mahauci ya iya.

Ranar jarrabawa doka ɗaya gare shi. Zai tsaya bayan ɗalibi ya harɗe hannuwa a baya. Muddin ya kwance su ya taɓa na'ura, ɗalibi ya faɗi.

Yau kan Doguwa aka zo, ɗalibar da ta riga ta faɗi sau ɗaya. In ta ƙara, sai maimaita shekara. Akuyar wata tsohuwa ce a kan tebur, ta karya ƙafar baya. Doguwa ta auna ta, ta yi mata allura, ta zura bututu a maƙogwaro, ta karkatar da kan akuyar ƙasa don yawu ya zuba. Aiki tsaf. Sai dai tun da ta gwada na'urar iskar barci, ta rufe ɗan makullin da ke sakin iska, ba ta sake buɗe shi ba. Baba ya gani. Bai kwance hannu ba.

Likitar tiyata ta ɗago tana sa safar hannu. "Baba, yau ba ka lulluɓe musu talabijin ɗin na'urar da tawul ba?"

"Bar su su sha kallo, Likita."

Idon Doguwa na kan allon na'urar, lambobi kore shar, ba abin da ya motsa. A ƙasa kuwa baƙar jakar robar da numfashin akuyar ke bi ta cikinta sai cika take, ta fara sheƙi. In ta ƙara tauri, iskar za ta danne huhun akuyar, kuma allon ba zai yi kuka ba sai abu ya yi nisa. Baba ya yanke a ransa: numfashi uku zai ba Doguwa. Ba zai sayi jarrabawar kowa da akuyar tsohuwa ba.

Na farko ya wuce. Yatsunsa suka fara saki.

A na biyu hannun Doguwa ya sauka kan jakar, ba ma tare da ta duba ba, yadda ya yi wata huɗu yana yi musu tsawa su riƙa yi. Ta ji ta tamau. Ta yi wuf ta buɗe makullin, jakar ta yi laushi. Ta ɗaga leɓen akuyar, dasashi jawur, alamar lafiya.

"Malam, ni na bar shi a rufe."

"Da wa zai bari, kakata? Ido kan akuya!"

Bayan an ɗaure ƙafar, suka tsaya a kan akuyar har ta haɗiyi yawu aka zare bututun. Ta ɗaga kai, ta yi gyatsa, ta laluba bakin farar rigar Baba ta hau tauna.

"Malam, na faɗi ko?"

Baba ya juya mata baya. Hannuwan na nan harɗe, shatin farce kwance a wuyan hannun.

"Ke ce doguwa, duba da kyau. Je ki ce wa tsohuwa ta shigo, akuyarta na cinye min riga."