Safar Yaya

Kazar da mahaifiyarta ta bar mata ta mutu a kan ƙwai, don haka tela ta kwashe ƙwan ta zuba a injin ƙyanƙyasa da ke ɗakin ajiya. Idan ba su fashe ba, irin kajin tsohuwa ya ƙare ke nan. Safe da yamma sai ta leƙa lambobin da ke jikin ƙofar, na zafi da na danshi. Ba ta buɗewa, don kada zafin ya fita.

Zafi dai lafiya lau. Danshi ne ya haye sama ya ƙi sauka. Ta rage ruwan farantin da ke ƙasa, bai sauka ba. Ta zare farantin gaba ɗaya. Ga kuma wani ɗoyi da ya cika ɗakin, amma ta ɗora laifin a kan takalman roba na yayan mijinta, mai wankin mota, wanda ya zo kwana biyu ya shekara.

Ranar ƙyanƙyasa ta zo ta wuce, ko tsiyau ba ta ji ba. Ta buɗe injin.

Warin da ya buge ta sai da ya kai ta bango. Wani ƙwai ya fashe, ruwansa kore-kore ya malale. Sauran sun bushe, 'yan tsakin sun manne da ɓawo sun mutu a ciki. A can baya kuwa, rataye a kan ma'aunin danshi, ga safa baƙa, jiƙe sharkaf. Ashe danshin ƙafar mutum take ta aunawa.

"Yaya," ta ce da shi da ya leƙo, "wannan ta waye?"

"Tawa ce. Ai nan ta fi saurin bushewa. Kullum nake canzawa, ban taɓa miki ƙwai ko ɗaya ba." Ya sosa tsakanin yatsun ƙafarsa, ya shinshina hannun. "Ina ɗayar? Ta faɗa ciki ne?"

Ta faɗa ciki kuwa, ta lulluɓe ƙwai guda a kusurwa. Tela ta toshe hanci, ta ɗaga bakin safar da tsinke, sai abin ya motsa. Ɗan tsako ne, a jiƙe, da jan wuya irin na uwarsa. Shi kaɗai ya sami danshin da ya ishe shi fasa ɓawo.

Ta ɗauke shi da safar duka a tafin hannu. Sanyin ƙazantar ya ratsa mata yatsu, amma ba ta saki ba.

"To miƙo mini abata, zan fita aiki."

"Bar ta, Yaya," ta ce, tana kau da fuska. "Bai gama bushewa ba."